Katin ɗakin karatu ko kuɗin forfe: wanne za ka fara biya wa ɗanka?

Da zarar an dawo daga hutun Disamba, magidanci mai ɗa ko 'ya a ajin jarrabawa a Garwa, Marwa ko Ngaundare yakan fara jin buƙata daga ɓangare biyu. Yaro ya ce a saya masa androyid, ko a riƙa sa masa forfe, wato kuɗin intanet na waya, duk mako, domin darussa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa duk a WhatsApp suke yawo. Malaminsa kuma, ko wani kawu da ya yi boko a zamanin da, ya ce a yanka masa katin ɗakin karatu, wato bibliyotek. Mai hali sai ya yi duka biyun ya huta. Amma yawancinmu aljihu ba zai ɗauki biyu a lokaci guda ba, dole a fara da ɗaya.

Kafin a zaɓa, sai an yarda cewa aikin ɗakin karatu ya sauya. A da, wanda ke son duba kalma a ƙamus na Faransanci, ko ya ga taswirar duniya, ko ya karanta jaridar da ta iso daga Yawunde bayan ta kwana a hanya, ba shi da wata ƙofa sai can. Yau wayar da ke aljihun ɗan moto ta fi kowace kantar littattafai ta arewacin Kamaru yawan rubutu. Wikipedia ta Faransanci kaɗai ta haura maƙala miliyan 2. Gallica, taskar intanet ta babban ɗakin karatun ƙasar Faransa wadda aka buɗe a 1997, tana ba da tsofaffin littattafai kyauta, har da adabin ƙarnonin baya da ake karantawa a lise, wato makarantar sakandare. Idan maganar samun rubutu ce, waya ta yi gaba, babu amfanin musu. Abin da ya rage a hannun ɗakin karatu shi ne kujera da tebur, haske, inuwa, shiru, da mutumin da ya san inda abu yake. Saboda haka tambayar da uba zai yi wa kansa ita ce: me yaron nan ya rasa, abin karantawa ko wurin karantawa?

A fara da kuɗi, tunda shi ya kawo maganar. Kati sau ɗaya ake biyansa a shekara, ɗalibai kan sami ragi, wasu wuraren kuma sukan nemi hoto da ɗan abin jingina kafin su bari a fita da littafi zuwa gida. A ido araha ne. Sai dai kati yana da kuɗin da ba a rubuta a jikinsa ba, shi ne kuɗin moto. Yaron da ke Jambutu ko can ƙarshen Rumde Aja, in zai riƙa zuwa tsakiyar Garwa yana komawa sau uku ko huɗu a mako, abin da zai ba 'yan moto a wata ɗaya na iya wuce kuɗin katin na shekara. In kuwa ɗakin karatun na kan hanyarsa ta dawowa daga makaranta, ko tafiyar ƙafa ce, to babu abin da ya kai shi sauƙi.

Waya kuwa kullum da sabon kuɗi. Bayan sayen ta akwai forfe na yini, na mako ko na wata, wanda in lokacinsa ya cika ya tafi, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ga kuɗin caji a shago ranar da babu wuta, ga gilashi da ke fashewa, ga ɓarayi a kasuwa. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, karatu kansa ba ya cin mega sosai. Littafi sukutum na rubutu zalla mega kaɗan ne. Wanda aka ɗauki hoton shafukansa ya fi nauyi, amma shi ma bai kai ya kawo ba. Bidiyo ne ke lashe forfe, awa ɗaya ta kallo tana cinye ɗaruruwan mega. In ka sa wa yaro forfen mako ya ƙare a kwana biyu, ya ce maka littafi ya sauke, ka san akwai sauran bayani. Ba lallai ne wasa ya yi ba, don ma'aikatar ilimin sakandare da kanta ta fara fitar da darussan bidiyo tun da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris na 2020, kuma suna bin manhajar Kamaru sak. Suna da amfani ƙwarai ga yaron da makarantarsa ba ta da malamin fizik ko lissafi. Dabarar ita ce a sauke su sau ɗaya a katin memori, yara su raba wa juna ta Xender, manhajar tura fayil daga waya zuwa waya, maimakon kowa ya kalla da kuɗin babansa.

Sai wuta, kuma a nan ne lissafin mutumin arewa ya bambanta da na mutumin Duwala. Layin wutar arewa daban yake da na kudu, kuma ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan rani ya tsananta ruwan tafkin ya ja baya, injinan ba sa iya ba da abin da aka gina su su bayar, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka buɗe a Marwa da Gidar a 2023 sun rage wahalar, amma ba su kashe ta ba. Yanzu ka duba kalanda: Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa, ruwa kuma ya yi ƙasa a Lagdo, su ne daidai watannin bitar bepese, probatuwar da bak, manyan jarrabawowin sakandare na ƙasa. Wato lokacin da yaro ya fi buƙatar haske da fanka, lokacin ne suka fi wuya. Shi ya sa kake ganin samari da littattafai a gindin fitilun titi masu aiki da rana da daddare.

Mai goyon bayan waya zai ce ai ita da haskenta take tafe. Gaskiya ne, muddin da caji. Amma karanta lissafin bak C, sashen lissafi da kimiyya, a ƙaramin gilashin waya, cikin ɗakin kwano da ya sha rana tun safe, ƙanne uku na kokawa a gefe, talabijin na maƙwabci na ihu, wannan ba karatu ba ne, haƙuri ne kawai. Ɗakin karatu mai faranti na hasken rana a rufinsa, da fanka mai juyawa da soket na caji, ya cancanci kuɗinsa ko da rabin littattafansa sun tsufa. Wanda ba shi da waɗannan kuwa, da azahar ta yi ya zama tanda kamar ko'ina, kuma gindin bishiyar dogon yaro a harabar makaranta ya fi shi.

Akwai kuma maganar da iyaye mata suka fi kowa sani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wayar da ke ɗauke da darasin falsafa ita ce ke ɗauke da TikTok, da sakamakon ƙwallo, da cacar wasanni, da saƙon yarinya ko saurayi. Babba mai gemu ma yana shan wahala kafin ya kame kansa, balle ɗan shekara 17. Makarantun sakandare sun hana shiga da waya, kuma ba don ƙiyayya ba ne. Ƙungiyoyin WhatsApp na ɗalibai suna taimako, amma a ciki ake samun amsoshin da babu wanda ya duba ingancinsu, da masu karɓar kuɗi da sunan suna da tambayoyin bana. A 2020 wasu tambayoyin bak sun fita ta wannan hanya, har aka sa ɗalibai sake rubuta wasu darussan kimiyya, aka kuma kama mutane. Manhajojin da ke amsa tambaya kamar mutum, irin su ChatGPT, sun ƙara wata wahalar: suna iya yi wa yaro bayani mai kyau, suna kuma iya shirga masa kuskure da murya ɗaya, shi ko ba zai bambance ba sai ran da aka raba takardu. A ɗakin karatu, ko ba komai, yaro zai zauna cikin tsaransa da suka sunkuyar da kai, kunya kaɗai ta isa ta sa shi buɗe littafi. Ni a ganina wannan ne babban abin da kati ke saya a yau.

Kada wannan ya sa a ɗauka kowane gini da aka rubuta wa bibliyotek a goshi ya dace. Wasu ɗakunan karatu na gwamnati da na ƙananan hukumomi kantocinsu cike suke da kyautar da aka aiko daga Turai shekaru da yawa, littattafan makarantun Faransa waɗanda ko can an daina koyar da su. Manhajar Kamaru ta sauya, kuma tun 2017 gwamnati ta tsayar da dokar littafi ɗaya tak ga kowane darasi, wanda zai yi shekara shida a jerin da aka amince da shi. Yaron da ya dage da tsohon littafin da ba ya cikin jerin zai ƙaru da ilimi, amma ba lallai ya amsa tambaya yadda masu gyara ke so ba. Ga kuma lokacin aiki: da yawa suna bin agogon ofis, su buɗe yara na makaranta, su rufe kafin magariba, daidai lokacin da ɗalibi ya sami sarari.

Gani ya kori ji. Kafin ka biya, ka je da ƙafarka, kuma ka je da la'asar a ranar makaranta. Ka ga ko akwai yara a zaune. Ka gaida mai kula da wurin ka tambaye shi: "Malam, yaushe rabonku da sababbin littattafai? Kuna da na jerin bana? In an ɗauke wuta yaya kuke yi? Asabar kuna buɗewa?" Yadda ya amsa ma ya ishe ka hukunci. Wanda ya miƙe ya nuna maka kanta, ya san ajin da kowane littafi ya dace da shi, ya fi sabuwar kwamfuta goma da aka lulluɓe da leda. In cibiyar Alliance ce ta harshe da al'adun Faransa, irin ta Garwa, ka tambaya ko katin na buɗe maka Culturethèque, wato ɗakin karatun intanet na cibiyoyin al'adun Faransa, inda mamba ke karanta littattafai, jaridu da mujallu ta waya ko kwamfuta daga gida. Mutane da yawa na riƙe da kati ba su san da wannan ba. A irin wannan wuri kati da waya ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ne ke buɗe wa ɗaya ƙofa.

To ga ɗan lise mai shirin probatuwar ko bak, ga yadda zan jera. Farko ba kati ba ne, ba kuma forfe ba: littafin da ke cikin jerin gwamnati ne na darussan da suka fi nauyin maki a sashensa, ko da na hannu ne daga masu baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, tare da fitila mai cajin rana. Littafin takarda ba ya neman rezo, wato sabis na waya, ana iya ja masa layi da biro, kuma zai gangara wa ƙane. Sai kati, in wurin na kusa kuma ya ci jarrabawar da na faɗa. Forfe shi ne na uku, a auna shi, ya fi kyau a wayar uba ko ta yaya, a sauke abin da ake so a mayar da ita. Idan babu ɗakin karatu mai rai a kusa, sai forfe ya hau na biyu, amma wurin zama fa sai an nemo shi: aji a makaranta bayan an tashi, ko zauren wani dattijo da ya yarda yara huɗu ko biyar su riƙa haɗuwa.

Ga 'ya mace lissafin ya ɗan karkata. A gida, da an ga ta zauna da littafi sai a tuna da wanke-wanke, da goyon ƙane, da aike. Awa biyu a ɗakin karatu awa biyu ne da babu mai kiranta, kuma babu forfen da zai ba ta wannan. Amma iyaye na da hujjarsu in suka ce hanya ta yi nisa ko magariba za ta same ta a waje. Wannan ana warware shi da a haɗa 'yan mata biyu ko uku na unguwa ɗaya su tafi tare su dawo tare, mahaifiya ko yaya ta je sau ɗaya ta ga wurin ta san mai kula da shi. In hakan bai yiwu ba, to a ba ta lokacin a gida, a sanar da kowa cewa daga la'asar zuwa magariba ba a aikenta.

Ɗalibin jami'a kuwa, ko a Dang yake, inda jami'ar Ngaundare take, ko a jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, ko ta Garwa da ta zo a 2022, babu dogon tunani: intanet ne farko. Malamai ta WhatsApp suke aiko da darasi, rajista ta intanet ake yi, kuma maƙalolin binciken da zai buƙata don kundin kammala karatu ba za su taɓa isowa a takarda ba. Waya kaɗai ma ba ta isa ba, yana buƙatar kwamfuta don rubutu. Sai dai kwamfutoci 500,000 da gwamnati ta fara raba wa ɗalibai a ƙarshen 2017 sun nuna cewa na'ura ita kaɗai ba ta yin karatu: wanda ya karɓa ya koma ɗakin haya marar wuta, babu kuɗin forfe, me zai yi da ita? Shi ɗalibin jami'a kati yana yi masa amfani ne in wurin na da wayifai da soket, ya je ya sauke manyan fayiloli, ya yi rubutu cikin natsuwa. Haka ma mai shirin konkur na shiga makarantar horon malamai ko aikin gwamnati, wanda ya gama makaranta ba shi da aji kuma gida ba ya zaunuwa. Irinsu su ne suka fi cika kujerun ɗakunan karatu.

Akwai masu karatu biyu da ɗakin karatun jama'a bai taɓa yi wa adalci ba a ƙasarmu. Na farko ɗalibin ilimin addini. Kantocin kusan duk Faransanci ne da ɗan Ingilishi, alhali a kowace unguwa akwai zauren da ake karanta fiƙihu, nahawu da tafsiri da Larabci. Shi wannan, manhajar Shamila a waya ko kwamfuta ta ba shi dubban littattafai da za a iya bincike a cikinsu ba tare da rezo ba, abin da a da sai wanda ya je Kano, Khartum ko Alƙahira. Malamai na gargaɗi, kuma da gaskiyarsu, cewa ana samun kuskuren bugu, kuma mallakar littafi ba ta maye gurbin durƙusawa gaban malami. Na biyu mai karanta Hausa ko Fulatanci, musamman matan gida masu son littattafan labari. Da wuya ka shiga ɗakin karatu a Marwa ka tarar da kanta guda ta Hausa. Su tuni suka koma WhatsApp, Wattpad da makamantansu, ga kuma karatun littafi da murya ga wadda ido ya yi wa rauni ko ba ta yi boko ba. In don su ake tambaya, a sa forfe, kati ba zai amfane su ba sai ran da masu kula da ɗakunan suka tuna da harsunan garin.

Amma su ma su kiyaye abu ɗaya: abin da ke intanet ba naka ba ne sai ka sauke shi. OkadaBooks, dandalin Najeriya da marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma yana aiki. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, rezo ya lalace a ƙasashe da dama har da Kamaru. A yankunan arewa maso yamma da kudu maso yamma na Kamaru an taɓa rufe intanet kusan wata uku a 2017. Duk littafin da kake ji da shi, ka ajiye shi a memori, ka kuma ba wani amintacce kwafi.

Mutumin ƙauye, a wajen Pitowa, Mokolo ko Yagwa, inda babu ɗakin karatu kuma rezo sai an hau tudu, zaɓinsa daban ne. Akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix da ke ba da damar ɗaukar Wikipedia gaba ɗaya, da ƙamus da wasu taskokin darasi, a saka a memori a riƙa karantawa babu intanet. Ta Faransanci mai hotuna tana da nauyi, amma akwai marar hotuna da ta fi sauƙi. Wanda zai shiga gari sai ya sauke inda akwai wayifai, ya kawo a raba. Malamin makaranta ɗaya mai himma, da tsohuwar kwamfuta, da faranti ɗaya na hasken rana, da akwatin littattafan jerin gwamnati da iyaye suka haɗa kuɗi suka saya, sun isa su yi wa ƙauye aikin ɗakin karatu.

A tsallaken kogin Logon kuwa, ga 'yan uwa na Njamena da na Kuseri da ke tsallaka gadar Ngeli, ma'aunin ya fi rinjaya wajen kati. A Cadi kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke da wutar lantarki, forfe ya daɗe yana da tsada, kuma mutane ba su manta da toshe WhatsApp, Facebook da sauransu da aka yi daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 ba. A gefe guda birnin na da wuraren karatu da suka daɗe suna aiki: cibiyar bincike da horo ta CEFOD, wadda ɗaliban shari'a da tattalin arziki suka sani saboda taskarta ta dokokin Cadi, cibiyar Al-Mouna, cibiyar al'adun Faransa, da babban ɗakin karatu na ƙasa. Tunda Larabci harshen gwamnati ne a can tare da Faransanci, mai karanta Larabci ma ya fi samun abin dubawa fiye da ɗan uwansa na Garwa. Ɗalibin Njamena ya fara da kati, ya zaɓi wurin da ya fi kusa da unguwarsa, ya tafi da cajarsa a jaka.